Maikirowef Babu Komai A Ciki: Abin Da Ke Lalacewa Da Yadda Za A Kiyaye

A 'yan shekarun nan da wuya a yi jeren amarya a birni ba a ga maikirowef a kicin ba, yana zaune kusa da firji da injin markaɗe. Ofisoshi ma sun cika da shi, haka shagunan abinci da ɗakunan ɗalibai. Abin da ba a cika adanawa ba shi ne ɗan littafin da ke zuwa a kwalinsa. Yawanci tare da kwalin ake watsar da shi, wanda ya sayi na hannu kuwa bai ma taɓa sa shi a ido ba. A shafukan farko na littafin nan, ko na wane kamfani ne, akwai gargaɗi guda da ba ya canzawa: kada a kunna injin babu komai a cikinsa.

Duk wanda aka faɗa wa haka sai ya ce, to wa zai kunna shi haka siddan? Da gaskiyarsa, kaɗan ne ke yi da gangan. Amma a gidajenmu maikirowef yakan yi aiki wayam a lokacin da babu kowa a kicin, kuma galibi ɗaukewar wuta da dawowarta ne sila. Akwai kuma lokutan da ido ke ganin an sa abu a ciki, alhali a wurin injin daidai yake da ba a sa komai ba. Waɗannan biyun sukan kai maikirowef wurin mai gyara tun bai ci rabin kuɗinsa ba, wani lokacin ma su tayar da gobara.

Yadda yake ɗumama abinci

Murhu da risho da gas zafi suke bayarwa, zafin ya ratsa tukunya ya isa ga abinci. Maikirowef wata hanya yake bi. A bayan maɓallansa, ta gefen dama, akwai wani ƙarfe mai suna maginetiron, wanda aikinsa shi ne mayar da wutar lantarki igiyar rediyo. Dangin igiyar da ke kawo mana labarai a gajeren zango ce, sai dai zangonta ya fi gajarta nesa ba kusa ba. Mai sauraren rediyo yana laluben tasha a mita 25 ko mita 31, ita kuwa wannan tsawonta santimita 12 ne da 'yan kai, tana kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa ɗaya. Idan ta shiga abinci, ƙwayoyin ruwan da ke cikinsa sai su yi ta juyi suna bin kaɗawarta, daga wannan juyin zafi ke tasowa. Mai da sukari ma suna ɗan sha, amma ruwa ne babban mai shanye ta.

Maginetiron na yau asalinsa kayan yaƙi ne. John Randall da Harry Boot suka ƙera irin wanda ake amfani da shi yanzu a Jami'ar Birmingham ta Ingila a 1940, domin na'urar hango jiragen sama. A 1945 wani injiniyan kamfanin Raytheon a Amurka, Percy Spencer, ya lura alewar da ke aljihunsa ta narke yana tsaye kusa da shi, daga nan aka fara tunanin girki da shi. Na farkon da aka kai kasuwa a 1947 tsayinsa ya kusa mita biyu, nauyinsa ya haura kilo 300, kuma sai da aka ja masa bututun ruwa don sanyaya maginetiron ɗinsa. Tun ran gini tun ran zane, zafi ne abokin gabar wannan ƙarfe. A na yau 'yar fanka ce ta maye gurbin bututun, ita ce ƙarar da ake ji idan yana aiki.

A duba takardar da ke manne a bayan injin, za a ga lambobi biyu. Wanda aka ce ƙarfinsa wat 700 ne yakan ja wat 1,100 zuwa 1,200 daga soket. Ragowar wat 400 ko fiye ba ta isa ga abinci, zafi take zama a jikin maginetiron da taransifomarsa. Ke nan ko a aikinsa na yau da kullum, da tuwo da miya a ciki, ƙarfen nan a cikin zafi yake, fankar kuma daidai wannan nauyin aka auna ta.

Ɗakin da ake sa abincin ƙarfe ne ta kowane ɓangare, kuma ƙarfe ba ya shan igiyar, mayar da ita yake yi. Gilashin ƙofar ma akwai ragar ƙarfe a jikinsa, mai ƙananan huji da haske ke iya ratsawa amma igiya mai santimita 12 ba ta iyawa. An toshe mata kowace kafa da gangan don kada ta fito ta taɓa mutum, aka bar mata mafita ɗaya tak, wato abincin. Idan babu abincin, wat 700 ɗin nan ba ɓacewa suke yi ba. Suna ta karo da bango suna taruwa, kaso mai yawa kuma ya koma ta hanyar da ya fito, ya sauka a kan maginetiron ɗin da tun farko yake fama da nasa zafin. Wanda ya taɓa jona hita ya manta bai tsoma ta a bokiti ba ya san ƙarshen zancen: zafin da ruwa ya kamata ya ɗauke, ita yake ci.

Abin da ke fara lalacewa

A buɗe ƙofar a dubi bangon dama daga ciki, a wasu kuma rufin sama. Akwai wani ɗan falle mai ruwan toka ko ruwan azurfa, mai kama da kwali. Mata da yawa sun ɗauka ragowar kwalin kamfani ne, har wasu kan ɓamɓare shi su yar. Wani irin dutse ne mai suna maika da aka matse ya zama falle, kuma shi ya rufe bakin hanyar da igiyar ke fitowa, yana hana maiƙo da tururi shiga wurin maginetiron. Kowace miyar da ta yi tsalle a ciki tana barin ɗigo a jikinsa. Idan akwai abinci, ɗigon nan ba ya samun kaso mai yawa. Idan babu, shi ne abu mafi kusa da zai sha igiyar. Sai ya bushe, ya ƙone, ya zama gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar lantarki. Daga nan tartsatsi ke farawa, shuɗi da fari, da ƙarar tas-tas da ƙaurin waya. A wurin masu gyara za ka ga irin waɗannan fallaye birjik: tsakiyarsu ta huje, bakin hujin baƙi ƙirin, fentin bangon da ke kewaye ya kumbura ya tashi.

Farantin gilashin da ke juyawa shi ma yana shan kaɗan daga igiyar, ba kuma ko'ina daidai ba. Wuri ɗaya ya yi zafi jau, gefensa da sanyi, sai gilashi ya tsage. Zoben roba mai 'yan tayoyi da ke ƙarƙashinsa, da ƙugiyar da ke juya shi, suna iya narkewa su manne da ƙasan injin.

Babbar asara dai maginetiron ne. Hular ƙarfen da ke kansa, inda igiyar ke fita, takan ƙone ta huje. Maganaɗisu biyu masu kama da zobe da ke jikinsa sukan tsage saboda zafi, siririyar wayar da ke cikinsa kuma ta raunana. Masu ƙera injin sun sa masa abin kariya, wani ɗan maɓalli mai jin zafi da ke yanke wuta idan abin ya wuce kima. Yana ceton injina da dama, amma sai zafi ya riga ya kai maƙura yake motsawa, kuma ba ya ganin tartsatsin da ke cin fallen maika. Ɓarnar kuma taruwa take yi. Injin da ya sha wayam sau da yawa ba lalle ya mutu rana ɗaya ba, sai dai a ga abincin da yake ɗumamawa a minti biyu ya koma sai huɗu.

Kada kuma a firgita fiye da kima. Wanda ya danna bisa kuskure ya kashe bayan daƙiƙa biyar ko goma, da wuya ya yi wa injin wani lahani. Haɗarin yana farawa ne idan aka shiga mintuna, kuma mai datti a ciki ya fi mai tsabta saurin kamawa. Maikirowef ba ya fashewa irin na tukunyar gas, ba ya kuma barin wata guba a ciki da za ta shiga abincin gobe. Da an yanke wuta igiyar ta ƙare nan take. Abin tsoron na gaskiya biyu ne: mutuwar injin, da wuta idan maiƙo ko roba ko takarda ta kama.

Agogon murɗawa da dawowar wuta

Maikirowef iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai dannawa, mai allon lambobi, akwai kuma mai murɗawa, mai maɓalli biyu, ɗaya na ƙarfi ɗaya na lokaci. Mai murɗawar ya fi araha, ya fi sauƙin sarrafawa, don haka ya fi yawa a gidaje. A yawancinsu ɗan injin lantarki ne ke juya agogon. Idan aka buɗe ƙofa ko wuta ta ɗauke, agogon tsayawa yake cak a inda yake, yana jira.

Ga yadda abin ke faruwa. Bayan magariba uwargida ta sa shinkafar maigida, ta murɗa zuwa minti takwas. Ba a yi minti ɗaya ba aka ɗauke wuta. Ta haska fitilar waya, ta fitar da kwanon, ta tura ƙofar da gwiwar hannu ta rufe, ta juye shinkafar a tukunya ta ɗora a gas. An ci, an yi shirin barci. Agogon yana nan a kan minti bakwai, soket a kunne. Ƙarfe biyun dare aka dawo da wuta, ko aka tayar da janareta, ko aka juya layi zuwa sola. Fitilar cikin injin ta kama, faranti ya fara juyawa, maginetiron ya yi minti bakwai cur yana harba igiya cikin ɗakin da babu ko cokalin ruwa, a ƙarshe ya buga ƙararrawarsa babu wanda ya ji. Washegari babu wata alama a waje. Idan hakan ya maimaitu sau da yawa a shekara, sai a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko.

Ko babu ɗaukewar wuta hakan na faruwa: an murɗa minti biyar, an ga abinci ya yi a minti uku, an fitar, an rufe ƙofa, injin ya ci gaba da sauran biyun. Saboda haka ne littattafan masu murɗawa suke cewa a riƙa mayar da agogon kan sifiri duk lokacin da aka fitar da abinci kafin lokaci ya cika. A ganina wannan ita ce ɗabi'a mafi muhimmanci ga mai irin wannan inji a ƙasar da wuta ba ta da tabbas. Hannun da ya fitar da kwano shi zai murɗa agogon baya har a ji ƙararrawa ta buga, sannan a kashe soket ɗin bango. A koya wa 'yar aiki da yaran gida haka tun ranar farko. Mai dannawa ba shi da wannan matsala, domin idan wuta ta ɗauke yana manta umarnin da aka ba shi, ba ya tashi da kansa.

Shi kuma mai dannawa tasa matsalar yara ce. A yawancinsu dannawa ɗaya a kan maɓallin farawa tana tayar da shi na daƙiƙa 30, kowace ƙarin dannawa ta ƙara wasu 30. Yaro ɗan shekara uku da ya ga fitila ta kama, faranti na juyawa, ya sami abin wasa. Kusan dukansu suna da makullin yara, galibi ta hanyar danne maɓallin tsayarwa na daƙiƙa uku. A yi amfani da shi, a kuma ɗora injin inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sauran hanyoyin an san su: mai amfani da agogon injin don ƙirga lokacin dahuwar ƙwai a kan gas, mai kunna shi bayan wanki wai don cikinsa ya bushe, mai son ɗumama faranti wayam kafin zuba abincin baƙi, da mai shagon da ke kunna wa mai saye don ya nuna masa lafiyarsa ƙalau. Wasu suna ganin idan suka rage ƙarfi zuwa ƙasa babu laifi. A yawancin injina rage ƙarfi ba ya rage ƙarfin maginetiron, kunna shi da kashe shi kawai ake yi bi da bi. Idan aka kasa kunne za a ji gurnanin yana zuwa yana ɗaukewa. Duk daƙiƙar da yake kunne da cikakken ƙarfinsa yake aiki.

Cike a ido, wayam a wurin inji

Kayan kicin ɗinmu da yawa ƙarfe ne: kwanon silba, samira, langa, kular abinci mai cikin ƙarfe. Idan aka zuba abinci a kwanon ƙarfe aka rufe da murfinsa aka sa a maikirowef, igiyar ba ta ganin abincin sam. Ta bugi kwano ta dawo, kamar yadda take bugun bango. Abinci ya fito da sanyinsa, maginetiron ya sha wahalar banza, ga tartsatsi tsakanin kwano da bango idan sun kusanci juna. Haka naman da aka naɗe ruf a takardar alminiyam. Tangaran mai zanen ruwan zinare a baki, irin na kayan jere, shi ma tartsatsi yake yi, zanen ya ƙone.

Sai abu ɗan kaɗan ko busasshe. Dabino biyu, yankan burodi ɗaya, cokalin man shanu, 'yar gyaɗa a faranti, duk ba su da ruwan da zai shanye wat 700. Mafi yawan igiyar komawa take yi, ɗan abin da aka sa kuma ya ƙone tun ba a ankara ba. Kilishi ko tsire a cikin takardar da aka naɗo shi ya fi kowanne haɗari, domin takarda ce busasshiya da ta sha mai. A juye a faranti. Masu busar da barkono ko kayan yaji a ciki su daina: yana kamawa da wuta cikin sauƙi, hayaƙinsa kuma idan aka buɗe ƙofa sai ya shaƙe duk wanda ke kicin. Ƙwarya da akushi bushewa suke yi su tsage ko su babbake. Tuwon da aka ƙulla a leda a kwance shi tukuna, a sa a kwanon gilashi ko tangaran, a yayyafa masa ruwa, a rufe da faranti. Safa, hula, tsumma, ko wayar da ta faɗa ruwa, babu wanda wurinsa ke nan.

Ƙanƙara ma tana ba mutane mamaki. Ruwan da ya daskare ba ya shan igiyar sosai, don ƙwayoyinsa a ɗaure suke, ba sa iya juyi. Naman da ya fito daga firiza kamar dutse, idan aka ba shi cikakken ƙarfi, gefen da ya fara narkewa ne zai kwashe zafin ya dahu, tsakiya tana nan a daskare. Wannan ne amfanin maɓallin narkarwa, mai ba da hutu tsakanin harbi da harbi.

Maganin mafi yawan waɗannan kofin ruwa ne. Duk lokacin da abin da za a ɗumama bai kai cikin tafin hannu ba, ko busasshe ne, a ajiye rabin kofin ruwa a gefensa, a kofin gilashi ko tangaran marar zane. Ruwan zai ɗauke rarar igiyar. Lokacin zai ɗan ƙaru, amma daƙiƙa 10 zuwa 20 ake ba irin waɗannan, a duba, a ƙara. Wasu kamfanonin ma suna ba da shawarar a bar kofin ruwa a ciki dindindin idan ba a amfani da injin, don ko an kunna bisa kuskure a sami abin da zai sha. Shawara ce mai kyau ga gidan yara da gidan mai murɗawa, muddin ana sauya ruwan, ana kuma tuna cewa rabin kofi ƙafewa zai yi idan aka bar injin ya daɗe yana aiki.

Da kofin nan ake gwada kwano. A sa kwanon da ake shakka wayam, kofin ruwa a gefensa, a ba su minti ɗaya. Idan ruwa ya yi zafi kwano na da sanyi, ya dace. Idan kwanon ya yi zafi, shan igiyar yake yi, a ajiye shi don wani aikin. Farantan melamin, masu kama da tangaran amma ba sa fashewa, yawanci a nan suke faɗuwa. Kada a taɓa gwada kwano shi kaɗai.

Hattara ɗaya game da ruwan kansa. A kofi mai santsi sosai ruwa yana iya wuce zafin tafasa bai nuna ko kumfa ɗaya ba, sai an taɓa shi ko an zuba sukari ya yi tsiri ya watsu a hannu da fuska. A tsoma tsinken itace mai tsabta ko cokalin katako a ciki kafin a kunna, a kuma bar shi rabin minti bayan ya tsaya kafin a ɗauka.

Idan abin ya riga ya faru

A kashe, a zare fulogi daga bango. Idan ana ganin wuta ko hayaƙi a ciki, kada a buɗe ƙofar. Iskar cikin injin kaɗan ce, wutar za ta cinye ta ta mutu da kanta, buɗewa kuwa hura ta ne. Kada a watsa ruwa a injin da ke jone. Idan babu wuta, a buɗe ƙofa a bar shi ya huce kamar rabin awa, kada kuma a ɗauki farantin gilashin da hannu tsirara ko a sa shi a ruwan sanyi yana da zafi. Injin da ya mutu ɗif bayan irin wannan, sau da yawa maɓallin zafin nan ne ya yanke, kuma a wasunsu yana komawa da kansa idan ya huce.

Bayan nan a duba da fitila. Fallen maika ya yi baƙi ko ya huje? Fenti ya tashi? Zoben ƙasa ya narke? Faranti ya tsage? Idan duk lafiya, a gwada da ruwa. A auna rubu'in lita, wato rabin ledar fiya wata, a kofin gilashi, a ba shi cikakken ƙarfi na minti ɗaya. Inji mai wat 700 da ke da lafiya zai ƙara wa wannan ruwa zafi da kusan digiri 40, yadda yatsa ba zai jure ba, kuma a wajen minti biyu zai kai tafasa. A yi gwajin lokacin da wuta ke da ƙarfi, domin raunin wuta kaɗai yana sa lafiyayyen inji ya kasa. Idan fitila na kamawa, faranti na juyawa, ruwa kuma ya fito da sanyinsa, ko ana jin gurnani mai kauri da ba a saba ji ba, ko tartsatsi ya dawo, a daina kunnawa.

Fallen maika da ya ƙone ana sauya shi da kuɗi kaɗan. Ana sayar da shi, a ɗora tsohon a kai a yanka daidai. Kada a ci gaba da aiki da ƙonanne, kada kuma a cire shi a bar wurin a buɗe, ko a maye gurbinsa da kwali.

Abin da ya wuce wannan na mai gyara ne, kuma ina roƙon maigida mai son taɓe-taɓe ya riƙe sukundirebansa. Taransifomar ciki tana ɗaga wuta zuwa wajen bolt 2,000, kafasita da abokin aikinta su ninka ta zuwa kusan 4,000. Kafasitar tana iya riƙe caji bayan an zare fulogi, kuma wannan caji yana kisa. Ba irin kafasitar fanka ba ce.

A wurin mai gyaran ma a buɗe ido. Ba duk injin da ya daina ɗumi ne maginetiron ɗinsa ya mutu ba. Fis ɗin babbar wuta, da kafasita, da 'yan maɓallan ƙofa duk suna kawo alama iri ɗaya, kuma sun fi araha sosai. Idan ya ce, "Hajiya, sai an sauya maginetiron," babu laifi a ce, "To Malam, nuna mini inda ya ƙone." Mai gaskiya zai nuna hular da ta huje ko maganaɗisun da ya tsage, ko ya auna a gabanki. Wanda kuma ya ce zai haɗa wayar maɓallin zafi kai tsaye don injin ya daina yankewa, ko ya tsallake maɓallin ƙofa, a karɓe kaya a bar shagonsa. Maɓallin zafin ne ke tsakanin kicin da gobara, na ƙofar kuma shi ke hana injin aiki ƙofa a buɗe. Injin da ƙofarsa ta lanƙwashe, ko ragarta ta yage, ko ba ta rufuwa ruf, ba a amfani da shi sai an gyara.

Akwai togaciya guda. Wasu injinan suna haɗe da abin gashi, wani ƙarfe a rufin ciki da ke yin ja, wasu kuma har da fankar zafi irin ta oben. Waɗannan ɓangarori ba sa amfani da maginetiron, don haka ana iya kunna su wayam, har littafin yakan ce a yi haka a karon farko don man kamfani ya ƙone. Sai dai a tabbata gashi zalla aka zaɓa, ba haɗin gashi da igiya ba.

Tsabta da iska suna ƙara wa injin juriyar kuskure. Sau ɗaya a mako a sa kwanon gilashi da ruwa da yankan lemon tsami, a ba shi minti uku zuwa biyar, a bar tururin ya jiƙa maiƙon, a goge da tsumma mai laushi har da fallen maika, a hankali. Soson ƙarfe yana kankare fenti, inda fenti ya tashi kuma tsatsa da tartsatsi ke biyowa. A bar ƙofa a buɗe ya bushe da kansa. Ƙurar hunturu tana toshe hujojin iska na gefe da baya, kyankyasai kuma suna son ɗumin ciki, don haka a riƙa sharewa, a bar tazara tsakaninsa da bango. Kyallen ado da ake lulluɓa masa a cire shi kafin a kunna, kada kuma samansa ya zama wurin ajiye burodi da ledoji. A ba shi soket ɗin bango nasa shi kaɗai, mai baki uku da wayar ƙasa. Ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke shi ba. Ranar da wuta ta zo da rauni kuma, kada a murɗa minti ashirin a tafi, domin idan ta dawo da ƙarfinta ɗan abincin zai ƙafe, sauran mintunan kuma injin wayam zai yi su.

Mai shirin sayen na hannu ya tafi kasuwa da kofin gilashinsa da ledar ruwa. Ya fara karanta takardar bayan injin: na Amurka bolt 120 ne, na Japan 100, wutarmu kuwa 220 zuwa 230 ce, waɗancan biyun sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya haura abin da suke ja. Ya leƙa fallen maika da kusurwoyin ciki, ya buɗe ƙofa ya rufe ya ji yadda take kamawa. Idan mai shago ya kai hannu zai kunna, ya dakatar da shi har sai an sa ruwan, sannan a ƙirga minti ɗaya a taɓa kofin.